Salaga, Yendi, Bawku: Abin da Muka Ci a Hanyar Gwanja

Yayin da ake yi yanzu tsakanin ma'aurata masu ɗan hali a Kano da Abuja shi ne hutun tsibiri. Wannan ta ce Zanzibar suka je, waccan ta ce Morishus, a dawo da hotunan farin rairayi da shuɗin ruwa a cika waya. In ka tambaya me aka ci a can, sai a ce ai abincin otal ne, irin wanda za ka samu a kowane otal na duniya. Ni kuwa ba na ɓoyewa, cikina nake bi in zan yi tafiya. Garin da ban ɗanɗana miyarsa ba, ba na lissafa shi cikin garuruwan da na je. Don haka da Malam ya sami hutu ya ce in zaɓi inda za mu, sai na ce Gwanja, can arewacin Gana.

"Hajiya, fatauci za ki fara da girmanki?" in ji shi. Amma ban sha wuyar shawo kansa ba. Jinin Agalawa ne, tun yana yaro yake jin tsofaffin gidansu suna ambaton Salaga da Yendi, bai kuwa taɓa taka ƙasar ba.

Gwanja ba baƙon suna ba ne a kunnen Bahaushe. Tarihin Kano ya ambaci zuwan fataken Gwanja Katsina tun zamanin Sarki Yakubu, a ƙarni na 15. A ƙarni na 19 kuwa ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kowane ayari da madugunsa, jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da jar fata da gabu. Su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, su bi Sansanin Mango, su faɗo Yendi, daga nan sai Salaga. Wata da watanni ake yi a hanya. Shi goron ba a Salaga yake fitowa ba, daga kurmin Asante ake hauro da shi, Salaga mahaɗa ce kawai. Abin da ya daɗe yana cina shi ne, mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna wannan kai-da-kawo ba kanwa kaɗai suka sauke a can ba. Sun auri mata, sun kafa zango, sun ɗora tukunya. Abin da tukunyar nan take dafawa yau, shi na je gani.

Jirgi ya kai mu Akra, wani ya ɗauke mu zuwa Tamale, daga nan muka hau mota muka yi kudu maso gabas, tafiyar wajen kilomita 120.

Wanda ya san sunan Salaga a baki zai yi mamakin ƙanƙantarta. Gari ne shiru, hedikwatar Gwanja ta Gabas a Jihar Savannah da aka ƙirƙiro a 2019. Faɗuwarta ta fara ne a 1874, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kumasi: Salaga ta ɓalle daga hannun Asante, su kuma Asante suka toshe mata goro, ciniki ya koma Kintampo. A 1892 yaƙin basasa kan sarautar Kpembe ya ƙarasa abin da ya rage, 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa Yeji da Kete-Krachi da sauran wurare. Cikin waɗanda suka bar garin har da Alhaji Umaru, babban malamin nan kuma marubucin ajami da aka haifa a Kano a 1858, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Amma Hausa ba ta tashi ba. Tun daga tasha har gidan da muka sauka, ba mu buƙaci tafinta ba.

Da asuba, kafin Malam ya dawo daga masallaci, na bi 'yar gidan zuwa wurin mai koko. A nan na fara sallamawa. Kokonmu na gida, in gaskiya za a faɗa, mun mai da shi abincin mara lafiya da yaron da aka yaye. Nasu kuwa da ƙarfinsa yake zuwa. Ana jiƙa gero ya kwana, a niƙa shi tare da citta da kanumfari da barkono da masoro, a tace, a bar shi ya yi tsami daidai, sannan a dama. Kurɓi ɗaya za ka ji zafin ya sauka har ƙirji. A gefensa ƙosai ne, sai pinkaso, wanda da albasa da barkono ake kwaɓa fulawarsa, a soya da huda a tsakiya, a barbaɗa sukari. Har Akra da Kumasi da sunan Hausawa ake sayar da kokon nan, kuma manyan ma'aikata masu ɗamarar wuya ba sa jin kunyar tsayawa layi a gaban mai shi.

Da hantsi sai waakye, wato shinkafa da wake. Kada mai karatu ya ce ai garau-garau ne, mun san shi. Asalinsu ɗaya, amma sun rabu. Ana dafa shi da karan dafi da ɗan kanwa, shi ya sa yake fitowa ja-ja mai duhu, waken ya yi laushi ba tare da ya dame ba. Sannan Hajiya mai sayarwa (kusan duk mai waakye Hajiya ake kiran ta ko Amarya) ta fara jera masa kaya: garin rogo da aka murza da mai, taliya, dafaffen ƙwai, ganda, soyayyen kifi, jar miya, sai shito, baƙin yajin nan da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande har ya yi duhu. Malam, wanda a gida ba ya son a haɗa masa taliya da shinkafa a faranti ɗaya, bai ce uffan ba sai da ya ga ƙasan kwano.

Ba zan yi labarin daɗin baki in tsallake rijiyoyin Salaga ba. Garin ya yi suna da yawan rijiyoyi, kuma wasunsu a nan ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Wurin kasuwar yana nan, da sarƙoƙi da mari da aka adana. Gwanja da Dagwamba sun yi shekaru suna biyan Asante gandu da mutane, fatakenmu kuma sun saya sun sayar. Malam ya je da niyyar alfahari da kakanni, ya dawo masauki bai yi magana ba sai bayan la'asar. Na yaba wa mutanen garin da ba su binne wannan tarihi ba, suna kai baƙo su nuna masa, su faɗi abin yadda yake.

Ƙasar Gwanja ta gabas ƙasar doya ce. Duk inda ka duba tudun doya ne jere, Konkomba kuwa su ne gwanayen nomanta. Akwai pona, akwai laribako, masu gari da zaƙi, waɗanda ko da gishiri da man ƙaɗanya kawai aka ci sun isa. Sakwararsu ta nan arewa zallar doya ce, ba a gauraya ta da rogo ko ayaba irin ta kudu, a ci da miyar gyaɗa ko romon akuya mai barkono. Amma abin da ya fi burge ni shi ne wasawasa. Busasshiyar doya ce ake niƙawa, a yayyafa wa garin ruwa ana murzawa har ya zama tsaki-tsaki, a turara, a ɗauraye, a sake turarawa. Baƙi ƙirin yake fitowa, ido ba ya son sa a ganin farko. A zuba mai da soyayyar albasa da yaji da ɗan wake, sai ka nemi ƙari. Dabarar masu doya ce ta kada komai ya lalace, domin har ƙananan da ba su shiga kasuwa ana shanya su don wannan.

To, tsibiri fa? Mun samu, kuma ba mu nema da nisa ba. Kudu da Salaga akwai Makango, a bakin Tafkin Volta, inda babban jirgin fito yake ɗaukar motoci da mutane zuwa Yeji. Tafkin ba na asali ba ne. Madatsar Akosombo ce da aka kammala a 1965, zamanin Kwame Nkrumah, ta tare Kogin Volta, ruwa ya malale wajen murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutum kusan 80,000 daga garuruwansu. Tsohuwar Kete-Krachi ma ruwan ya ci ta. Tuddan da ruwa bai kai kansu ba su ne suka zama tsibirai, masunta kuma, yawancinsu Ewe daga kudu, suka bi kifi suka kafa bukkoki a kai.

Wani ɗan'uwan mai masaukinmu ya samo mana kwalekwale mai inji. Direban yana tafe yana kauce wa kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, waɗanda har yau suke tsaye a ƙarƙashi, su ne kuma suke fasa jirage. Duk wanda zai shiga ya nemi rigar ruwa, kada ya ji kunya. A tsibirin babu otal, babu kujerar shan iska. Akwai raga da aka shanya, da murhun laka jere, mata suna banda tarwaɗa da karfasa da za a kai kasuwar Yeji. Wata daga cikinsu ta zaɓo mana karfasa biyu da ba su daɗe da fita daga ruwa ba, ta tsattsaga bayansu, ta shafa gishiri da citta, ta ɗora a garwashi. Ta niƙa ɗanyen barkono da tumatir da albasa a kaskon ƙasa mai zane a ciki, ta kawo banku mai zafi, tuwon ƙullun masara da rogo mai tsami. Muka zauna a gindin bishiya muka ci da hannu. Kifin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba daɗinsa daban ne, naman yana ɓarewa fari fat, da ɗan zaƙi a ƙarshe. Mu da muka saba da kifin kwali mun manta da wannan. Abu ɗaya ya rage mini daɗi: yaran da na gani suna jan raga da kwarfe ruwa a lokacin da ya kamata a ce suna aji.

Daga Salaga muka bi ta Bimbila zuwa Yendi. A wannan yankin, a kasuwar Nakpayili, gardama kan cinikin zabo ta zama silar yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanjawa, wanda ya ci rayuka fiye da dubu. Zabon dai an ɗora masa laifi ne, rigimar ta ƙasa da sarauta ce. Yau ga su nan a kasuwa ɗaya, mai doya da mai saye.

Yendi gari ne na sarauta, ana jin haka tun daga gaisuwa, yadda yaro yake durƙusawa babba yana amsawa a hankali. Nan ne fadar Gbewaa, mazaunin Ya-Na, sarkin Dagbon, wanda a kan fatu yake zama, ba a kan karaga ba. Masarautar ta sha wuya bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani II a Maris na 2002, sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya-Na Abukari II, gidajen sarautar biyu, na Abudu da na Andani, suka sasanta. Malam ya bi maza suka zaga. Ya ga kabarin Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa da ya addabi ƙasar Gurunsi kafin ya ƙare rayuwarsa a Yendi a 1907, wanda wani Malam Abu ya rubuta labarinsa da Hausar ajami a 1914. Ya ga maƙabartar Jamusawa, aka kuma ba shi labarin Adibo, inda dakarun Dagwamba suka kara da bindigogin Jamus a Disamban 1896. Ni kuwa na shige cikin gidan da muka sauka, inda namiji baƙo ba ya shiga, kuma ina ganin ni na fi shi riba.

Uwar gidan tsohuwa ce, kowa Mma yake ce mata. Da na ce zan taya ta tuƙa tuwo sai ta dube ni ta ce, "'Yata, zauna ki gani tukuna. Naku na Kano jifa ake yi da shi." Tuwon zafi, wanda duk Gana ta sani, laushinsa ne sirrinsa. Ta yi talge da ruwan tsami, ta ɗebi rabi ta ajiye a ƙwarya, ta zuba garin masara da aka haɗa da na rogo, ta shiga tuƙi. Tukunyar kuwa da ƙarafa biyu aka saƙale kunnuwanta, ta take su da ƙafa, don haka hannayenta biyu suna kan muciya. In ya yi tauri sai ta mayar da talgen da ta ajiye kaɗan-kaɗan, har ya yi santsi yana sheƙi. Ta kwashe da mara. Ba a tauna shi, zamewa yake yi.

Miyar ayoyo ce, lalo ke nan, an yanka shi ƙanana, an sa ɗan kanwa don ya yi yauƙi ya tsare korensa, da dakakken ƙananan kifi, da daddawa. A kan daddawar nan nake so in tsaya. Ta kalwa ce tsantsa, Mma da kanta take dafawa ta rufe ta kwana uku, ƙamshinta tun daga zaure. Su ma suna da dunƙulen kanti, ba su fi ƙarfinsa ba, amma mataimaki ne a wurinsu, daddawa ce uwar miya. Mu kuwa a birni mun kai inda yarinya za ta yi aure ba ta taɓa riƙe daddawa a hannu ba, tana cewa wari. A kan koriyar miyar sai a zuba jar miya da nama a gefe, launi uku a kwano ɗaya. Washegari aka yi miyar bra, ganyen dangin rama da yakuwa, da niƙaƙƙiyar gyaɗa, mai ɗan tsami.

Da rana yara suka shigo da tubani, na garin wake da kanwa, naɗe a ganye, aka yanka aka zuba mai da albasa da yaji. Rabona da tubani tun kakata tana da rai. A Yendi kuwa abincin kowace rana ne, ana tallarsa a tasha. Haka wagashi, cukun Fulani da ake ɗaure madararsa da ruwan tumfafiya, a rina bayansa ja da karan dafi, a soya a jefa a miya ko a ci haka nan. Wanda ya zo a watan Mauludi zai tarar da bikin Damba, da hawan dawaki da makaɗan lunsi, har da ranar da ake taruwa a fada a tsince shinkafar da za a dafa, malamai suna gaba.

Hanyar Bawku doguwa ce, ta Gushegu da Nalerigu, mazaunin Nayiri sarkin Mamprusi, sannan a gangara dutsen Nakpanduri, inda ƙasa take buɗewa a gabanka har iyakar gani. Daga nan bishiyoyi suka fara tazara, kuka da ɗorawa da ƙaɗanya, gidajen laka masu zagaye, gero da dawa. Ɗan Katsina ko Maraɗi zai ɗauka ya iso gida.

Kowa ya san Bawku tana da ciwo. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya faro tun wajajen 1957, yana lafawa yana tashi, an sha sa dokar hana fita, har Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II ya shiga tsakani. Mun shiga ne a lokacin da ƙura ta kwanta, bayan mai masaukinmu ya aiko cewa mu taho. Abin da labarai ba sa faɗa shi ne irin garin da ake rigima a kansa. Bawku tana kusurwar da Gana ta haɗu da Burkina Faso da Togo, kasuwarta tana ci duk bayan kwana uku, Kusasi da Mamprusi da Busanga da Mosi da Fulani, kuma in ciniki ya haɗa biyu da ba su jin harshen juna, Hausa ce take raba su. A Pusiga, kusa da nan, akwai wurin Naa Gbewaa, kakan da Mamprusi da Dagwamba da Nanumba suke komawa gare shi, labarin bakansu kuma yana cewa kakanninsa ta Zamfara suka biyo.

Muna sauka aka tare mu da ƙwaryar zomkom, ruwan garin gero da citta da barkono da tsamiya. Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha. A kasuwa na ga jar albasar Bawku, ƙanana masu yaji, da ake nomawa da rani a bakin Farin Volta da madatsun ƙauye, tana gogayya da ta Galmi da manyan motoci suke shigowa da ita daga Nijar. Na ga man ƙaɗanya curi-curi a ƙwarya, wanda a nan girki ake yi da shi, ba shafawa kaɗai ba. Na sha fura da nono, na sha burkina, dambun gero a cikin kindirmo mai sanyi. Akwai rumfunan pito, giyar dawa, da naman da Musulmi ba ya ci, amma ba a ɓoye suke ba kuma ba a cakuɗa su, in ka tambaya za a nuna maka inda naka yake.

Sai zabo. Kusan kowane gida a ƙauyukan Bawku yana kiwonsu, sake suke suna kiwo a gona, shi ya sa naman yake da duhu da ƙarfi, ba kitse. Da yamma, kafin lokacin shiga gida, Malam ya kai ni wurin wani mai gashi a zango. Ya buɗe zabon ta baya ya shimfiɗa, ya shafe shi da man gyaɗa da yajin ƙuliƙuli mai citta da kimba, ya ajiye shi nesa da harshen wuta, yana juyawa ba gaggawa. Malam ya ce, "Maigida, ba za a ɗan matsa da shi kusa da wuta ba?" Mutumin ya ce, "Alhaji, in kaza kake so ga ta can." Muka jira. Fatar ta yi ƙaras-ƙaras, cikin bai bushe ba, ɗanɗanon kuma ya shiga har ƙashi. Na ci tsire a Kano, na ci kilishi a Maraɗi, na ci balangu a Zariya, kuma ina faɗa ba tare da shakka ba: ban taɓa cin gashin da ya kai zabon Bawku ba. Washegari matar gidan ta dafa wani a miyar busasshiyar kuɓewa da tuwon gero, ta nuna mini ashe mai gashin ma da saura.

Mai sha'awar zuwa, fasfo ɗinsa na ECOWAS ya ishe shi, ba a neman biza, amma ya riƙe katin allurar shawara. Ya nufi kaka zuwa farkon hunturu, lokacin da doya ta cika kasuwa, hanyoyi kuma sun bushe. Ya nemi masauki a zango ko da kwana ɗaya ne, domin abincin da nake magana a kai a cikin gida ake yin sa, kuma ya tafi da iyalinsa, don mace ce za ta shiga inda tukunyar take. Bawku kuwa, kada ya kama hanyarta sai ya kira mutanen garin sun ce masa ya taho.